Minti Uku a Kantin Nnadozie

Ƙarfe shida da rabi na safe, in ka tsaya a bakin Babban Layi a nan Maiduguri, za ka ga wata doguwar mata ta ɓullo daga wajen Gwange a ƙafa, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, jaka a hammata. Ba ta tsayawa sayen ƙosai, sai dai ta ɗaga wa mai ƙosan hannu ta wuce. Tana isa kantin Nnadozie, mai sayar da kayan gyaran injin ban ruwa da injin niƙa, sai ta buɗe kwaɗo biyu, ta yi 'yar addu'arta a tsaye, ta nufi wani tebur a kusurwa. A kan teburin akwai waya ruwan toka wadda lambobinta sun koɗe. Takan ɗaga ta kara a kunne don ta ji ko layi yana da rai, in ta ji ƙuginsa ta gode wa Allah. Daga nan ta ɗauki alli ta gyara allon da ke jikin bango, inda aka rubuta lokacin tashin motocin Biu, Gwoza, Damboa, Monguno da ƙauyukan bayan Bama.

Sunanta Rhoda Wilson, 'yar Marama ce ta ƙasar Biu, amma a unguwar Hausari kowa Maman Peter yake ce mata. Ƙarshen watan nan na Disamba 1998 za ta ajiye aiki, bayan shekara goma sha tara a kanti ɗaya. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, ba a taɓa ba ta ko ƙyallen yabo ba. Ni kuwa da nake maƙwabtaka da kantin tun ana shafa masa fenti na farko, abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na ce bari in faɗa tun tana raye tana ji.

Kantin Nnadozie ba kamar sauran kantunan layin ba ne. Yawancin masu sayen kayansa ba su taɓa ganin ƙofarsa ba. Manomin rani a bakin kogi, ko mai injin markaɗe a wani gari mai nisa, in injinsa ya tsaya, sai ya je gidan waya mafi kusa ya bi layi, ya buga, ya faɗi abin da ya lalace. A kanti a nemo kayan, a ɗaure, a kai tasha a ba direban da ke bin hanyar. In an sami motar ranar, injin ya tashi kafin duhu. In an rasa ta sai gobe, wani wurin ma sai ranar kasuwa ta zagayo. Wannan ciniki Nnadozie ne ya ƙirƙiro shi a 1985 da aka ja masa layi, kuma dabara ce mai kyau, sai dai shekara ɗaya ba ta cika ba ta zama abin dariya a tashoshi. Direbobi suka riƙa cewa wanda ya yi oda a kantin Nnadozie, gara ya sayi jaki ya taho da kansa.

Abin da ke cin lokaci a fili yake, amma Rhoda ce kaɗai ta zauna ta dube shi. A gidajen wayar nan minti uku ake ba mutum saboda yawan masu jira, layin ma sau da yawa ba ya kai ukun yake mutuwa. Mutanen Borno kuwa, Allah ya bar mu da su, ba su san yadda ake fara magana ba tare da gaisuwa ba. Za a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi zafi, a tambayi gajiya, a koma kan gida. Kafin a iso kan injin, minti biyu sun tafi. Sauran ɗayan kuma ya ƙare wajen kwatance, don manomi bai san lambar kaya ba, sai dai ya ce injinsa jan nan ne mai ƙarar tsiya, kuma abin da ya karye shi ne mai fuka-fukin nan na ciki. Jan inji kuwa iri biyar ne a ƙasar nan. In an yi sa'a an gane, sai a shiga neman kayan a sito, inda aka jibge kwalaye yadda suka sauka daga mota, na bara a ƙarƙashin na bana. Nnadozie kaɗai ya san inda komai yake, in ya fita banki ko coci sai kowa ya naɗe hannu.

Wanda abin ya fi yi wa ɓarna shi ne Ba'ana, wani dattijo mai gonar albasa a bakin kogi, can gaba da Bama. A ranin 1986 fankar injinsa ta karye. Ya hau keke ya je Bama sau uku a kwana uku yana bugowa. Na farko layi ya mutu yana cikin tambayar lafiyar Peter. Na biyu Nnadozie ne ya ɗauka, ya katse shi ya ce ya bar surutu ya faɗi abin da yake so, dattijon ya ajiye wayar a hankali ya koma gida, ya ce ba zai yi ciniki da wanda ba a koya wa magana ba. Na uku aka gane fanka ce, aka aika masa da ta wani injin daban. Kafin ta gaskiya ta isa, rabin gonar ya ƙone. Direban hanyar, Abdulsalami, shi ya kawo labarin, kuma bai rage komai ba wajen faɗa.

Nnadozie mutum ne mai kirki da saurin fushi, kuma ya gaji da zagin da ake aiko masa ta bakin direbobi. Wata ranar Litinin cikin Nuwamba ya tsaya a kan teburin Rhoda ya ce zai sa a yanke layin, kowa ya zo da ƙafarsa ya nuna abin da yake so da yatsa, a huta. Rhoda ba ta ɗaga murya ba. Ta san abin da ake nufi da zuwa da ƙafa. Mahaifinta yana da injin niƙa a Marama, tana yarinya ta ga injin ya yi wata guda a kwance saboda bel ɗaya, matan gari suka koma kan dutse da turmi, gidansu kuma ya koma cin abin da ya samu. Ta ce wa Nnadozie ya ba ta ranin nan kawai.

"Oga, ka bar min layin zuwa ƙarshen Maris. In har lokacin akwai wanda ya bugo kafin motarsa ta tashi, kayansa suka kwana a nan, ni da hannuna zan cire wayar in ba ka."

Ya ce ya ji, amma ko mutum ɗaya aka samu, magana ta ƙare. Daga ranar ta san abin da ke gabanta: wata huɗu, kuma kuskure ɗaya ya isa.

Ta fara da injinan. Kowace Asabar, maimakon wanki da kitso, sai ta shiga motar haya da littafi da gwangwanin farin fenti. Ta je gona, ta je rumfar niƙa, ta durƙusa ta goge baƙin mai da tsumma, ta kwafe sunan injin da lambarsa, sannan ta rubuta masa wata lamba tata a jikin tanki da manyan baƙaƙe, yadda ko wanda bai yi boko ba zai riƙe. Ta dawo kanti ta buɗe wa kowane inji kati: mai shi, garinsa, motar da ke bin hanyar, irin filoginsa, bel, boris, fanka. Mijinta, wanda malamin firamare ne, ya yi ta tsokanarta wai ya auri akawu ya wayi gari da bakanike. A coci aka fara tambaya ko lafiya ba a ganinta a taron zumuntar mata. Kafin Kirsimeti ta yi wa inji ɗari da goma sha ɗaya lamba, tafin hannunta ya yi kaushi, takalmi biyu suka mutu.

Sito kuwa ta jira sai da Nnadozie ya tafi gida bikin Kirsimeti da iyalinsa. Ita da James, mai kula da sito, magidanci da ya girme ta da shekara biyar, suka fitar da komai waje a kwana huɗu. Abin da ake nema kullum, irin su filogi da bel da robar famfo, suka dawo da shi kusa da ƙofa, a tsayin hannu, wasu ma an riga an naɗe su cikin takardar siminti, suna kawai za a rubuta. Abin da ake nema sau ɗaya a shekara ya koma can ƙurya. Kowace kanta aka ba ta lamba, aka shigar da lambar a katin injin da ke cin kayanta. James ya gaya mini cewa da Oga ya dawo a Janairu ya shiga sito neman ringi, ya yi minti goma yana zagaye a cikin kantinsa kamar baƙo, ya fito yana huci ya ce wa ya ba su izini. Rhoda ta miƙa masa kati ta ce ya duba lambar da ke ƙasa. Ya koma, ya fito da ringin kafin James ya gama ɗaura igiyar takalminsa. Bai ce an kyauta ba, Nnadozie ba ya faɗin irin wannan, amma da rana ya aika aka sayo musu tsire.

Saura gaisuwa, kuma ita ce babbar. Kati ba ya gyara ta, fenti ba ya gyara ta. Rhoda ta san in ta ce wa dattijan Borno su daina gaisuwa, ta kashe cinikin da bakinta. Ta kuma san duk manoman bakin kogin nan Ba'ana suke kallo, abin da ya yi shi za su yi. Shi kuwa tun ɓarnar bara bai sake bugowa ba, ya ma hana a shafa wa injinsa lamba.

Ta je wurinsa ranar wata Asabar a motar Abdulsalami. Ta tuɓe takalmi tun daga nesa, ta zauna a gefen tabarma, ta sunkuyar da kai, ta fara. Abdulsalami, wanda ya tsaya yana kallo, ya rantse mini cewa ta gaishe shi da Kanurinta mai ɗingishi har kusan rabin awa. Ta tambayi gida, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafarsa da aka ce tana ciwo, ta yi masa jajen albasar bara ba tare da ta kare kanta ba. Sai da dattijon da kansa ya gaji ya yi murmushi ya ce to, 'yata, me ke tafe da ke. Ta faɗa masa buƙatarta: in ya bugo, ya fara faɗin lambar injin da abin da ya lalace, gaisuwa ta biyo baya.

Fuskarsa ta canja. Ya ce shekararsa saba'in bai taɓa buɗe baki da buƙata ba kafin ya tambayi lafiyar mutum, kuma ba waya ce za ta koya masa rashin kunya da tsufansa ba. Da ya gama, Rhoda ta ce:

"Baba, ban ce ka bar gaisuwa ba. Ka yi sallama, in amsa. Ka faɗi lamba da abin da ya karye, James ya tafi ɗaukowa. Daga nan gaisuwa taka ce, ka yi ta yadda kake so. Na yi maka alkawari, ba zan taɓa riga ka ajiye waya ba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai kira a kawo mata ruwa, kuma da za ta tafi ya bari ta rubuta goma sha bakwai a jikin tankin injinsa, lambar da ta daɗe da ware masa. A hanya Abdulsalami ya ce mata kada ta sa rai, tsohon nan ko Shehun Borno ne ya bugo masa sai ya tambaye shi ya zafi.

Janairu ya wuce, Fabrairu ya wuce, ba kayan da suka kwana. Matasan manoma da masu niƙa sun karɓi sabon tsarin da sauri, wasu har gasa suke yi. Rhoda ta sa agogon hannunta a kan tebur tana auna kowace oda daga ɗaga waya zuwa ɗaure ƙunshi, abin da da yake cin awa guda ya dawo minti shida, ta ce bai isa ba, ta matsar da igiya da almakashi kusa da hannun James, ya dawo huɗu. Amma hankalinta bai kwanta ba. Dattijan bakin kogi ba su bugo ba tukuna, kuma ta san zafin Maris ba ya barin injin tsoho.

Ranar ashirin da shida ga Maris, ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar, wayar ta yi ƙara. Motar Abdulsalami, ita kaɗai mai shiga ƙauyen Ba'ana, ƙarfe biyu take barin Tashar Bama da ke nan cikin gari. Nnadozie yana tsaye a bakin kanta. Rhoda ta ɗauka, ta ji layin yana ƙarar soyuwa irin wadda ta san ba ya daɗewa bayanta, sannan ta ji muryar dattijon ya yi sallama. Ta amsa. Sai ta ji ya ɗauko gaisuwar Kanuri: "Wushe, wushe, 'yata, ya..." Ta riƙe bakinta, don ta san in ta katse shi ta karya abin da ta je ta gina a kan tabarmarsa. Ta ƙura wa agogo ido. Can sai ya tsaya da kansa, ta ji yana numfashi, irin na wanda zai haɗiye magani mai ɗaci.

"Goma sha bakwai. Fanka."

Layin ya mutu a kan kalmar. Ba ta ma ajiye wayar daidai ba ta zaro katin, ta karanta wa James lambar kanta. Kafin ya fito ta rubuta suna a takarda. Babur ɗin kanti ya tafi kai kayan Damboa, sai Nnadozie da kansa ya fizgi ƙunshin ya hau Vespa ɗinsa, mutumin da ya ce zai yanke layi, ya kutsa cikin cunkoson kasuwa yana ta ƙaho. Ya iske Abdulsalami ya riga ya tada mota, ya miƙa masa ta taga. Injin Ba'ana, wanda ashe kwanansa biyu a tsaye bakaniken ƙauye yana fama, ya tashi kafin magariba.

Washegari da hantsi motar Abdulsalami ta tsaya a ƙofar kanti, abin da ba ta saba yi ba. Wani dattijo ya sauko da sanda da babbar riga mai sabon guga, ya tsaya yana karanta allon kantin da ido, don bai taɓa ganinsa ba. James ya ɗauka an kawo ƙara, ya ce ko fankar ba ta yi ba. Dattijon ya ce fanka ta yi, albasa ta sha ruwa. Shi dai jiya ya fara gaida 'yarsa waya ta yanke, ya kwana abin yana damunsa, ya zo ya ƙarasa. Aka shimfiɗa masa tabarma tsakanin kwalayen boris. Ya gaida Rhoda tun daga Peter har kakanninta na Marama. Ya juya kan Nnadozie, wanda ya tsuguna dole, yana amsa lafiya lau, lafiya lau, gumi na zuba, ba halin tashi. Rhoda ta ce a ranar ne kawai ta yi kuka a wurin aiki, kuma ta shiga sito ta yi shi. Maganar yanke layi ba a sake tada ta ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Katunan sun haura dubu, akwatin katako uku. Kantuna biyu a layin nan sun kwaikwayi tsarin, ɗaya ma ya zo ya roƙa ta nuna masa, ta nuna ba ta ɓoye komai ba. Ba ta yarda ilimin ya taru a kanta ita kaɗai ba, duk abin da ta sani yana rubuce inda kowa zai gani, shi ya sa lokacin da ta yi jinyar wata biyu a 1993 ba ƙunshin da ya makara. Alkawarin nan kuma ta riƙe shi ga kowa, ba ga Ba'ana kaɗai ba. Na sha shiga kantin in same ta da waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwanta na rubuta suna a ƙunshi, bakinta na cewa yara lafiya, zafi da sauƙi, alhali kayan mutumin sun riga sun kama hanyar tasha.

Maman Peter, ke ce kika gane cewa sauri ba ya nufin a wulaƙanta mutum. Ke ce kika durƙusa a cikin laka kina goge lambar injin wani da ba danginki ba, ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Uwar layi, mai kunnen haƙuri. Albasar da muke yankawa a miya a garin nan, da garin da ake tuƙa mana tuwo, akwai minti ukunki a ciki, mu ne dai ba mu sani ba. Mun gode. Manoman bakin kogi sun gode, matan da ba su koma kan dutsen niƙa ba sun gode, Nnadozie ma ya gode, ko da yake sai an matse shi zai faɗa.

Ku kuma da ke zaune a bayan tebur da kanta a ofisoshi da shagunan Maiduguri, masu barin mutum a tsaye kuna neman fayil ɗin da ku kuka ɓatar, da masu ganin in suna sauri to an ɗauke musu nauyin ladabi, ku je ku ga akwatunan katin nan kafin ta miƙa makulli. Ba digiri ta yi ba, aji biyar na sakandare ta gama ta koyi buga tafireta. Ta dai zauna ta dubi inda lokacin mutane yake zubewa, ta toshe wurin, ta ƙi yarda ta gaji.

Ba tsufa ne ya sa za ta bar aikin ba, ƙarfinta yana nan. Likita ne ya ce kunnenta na hagu, wanda ya sha ƙarar layi shekara goma sha uku, ya tafi ba zai dawo ba, kuma in ta ci gaba na daman zai bi shi. Ba ta gaya wa masu bugowa ba, ta dai mayar da wayar ɗaya gefen ta ci gaba har ta gama koya wa wadda za ta gaje ta. Gidanta yana Gwange, bayan famfon unguwa, ƙofa mai shuɗin fenti. Duk wanda layi ya taɓa yanke masa gaisuwa a bakinsa, ya je ya ƙarasa. Ya zauna ta hannun damanta, ya ɗan ɗaga murya, kuma kada ya yi sauri.